Bakin Kifi

Kuran ya ɗauke tun bayan la'asar,
inji ya yi shiru da geron Tsahara a cikinsa.
Muna zaune ƙofar shago a Garkawa, ni da Sahiya,
gari ya yi mini furfurar da shekaru ba su kawo ba tukuna.

Hutunta saura kwana uku ta koma Yamai.
Ta miƙo mini wayarta mai tsaga a kusurwa,
ta ce, yaya, duba nan.
Na goge hannu a wando, na duba:
abu ja kamar garwashin da aka hura,
zobe cikin zobe cikin zobe,
kamar faifan da mai saƙa ta ajiye ta tafi rijiya.

Tauraro ne a tsakiya, in ji ta,
Larabawa suka sa masa Bakin Kifi,
kuma maƙwabcinmu ne.
Maƙwabci?
Shekara ashirin da biyar haskensa ke tafiya
kafin ya sauka kan kwanon shagon nan.
Na yi dariya. Haka 'yan kamasho ke cewa a tasha,
Agadas ai nan ce, bayan gari.

Jan nan da kake gani duk ƙura ce.
Duwatsu ke karo da juna can,
babba ya zama tsakuwa,
tsakuwa ta zama tsaki,
tsaki ya zama gari, yana ta kewaya.
Na ce, ashe can ma niƙa ake.
To wa ke karɓar kuɗin tiya?

Ba ta yi dariya ba.
Ta ja hoton da yatsa biyu, ya buɗe.
Ka ga baƙin layin nan tsakanin zobba?
Masana na zaton wata duniya ce ke bi ta wurin.
Ba wanda ya gan ta.
Tana wucewa ne tana share hanyarta,
da gurbin da ta bari ake lissafa nauyinta.

Sai na rasa inda zan ajiye idona.

Illa, babanmu, ya hau motar Abijan
Sahiya na wata shida a ciki.
Wasiƙa biyu, turmin atamfa ɗaya,
daga nan ko mai dawowa da labari ba mu samu ba.
Amma je ki gidanmu ki gani, na ce a raina,
kamar ba can kika kwana ba:
gindin bedi, inda yake shimfiɗa buzunsa,
har yau ba mai zama.
Inna kan share wurin kafin ko'ina.
Jikoki na wasa, su zo nan su kauce,
ba wanda ya taɓa ce musu su kauce.
Ni na bar lakwal a aji biyar na kama inji,
ke kika yi karatun mu biyu.
Kowa da zobensa, kowa da nisansa,
muna kewaya wurin da babu kowa.

Ta yi murmushi don in daina shiru,
sai ga wushiryarsa a bakinta,
ita da ba ta taɓa ganinsa ba.

Bayan lisha ta nuna mini kudu,
sama da ƙarfen eriya, can shi kaɗai,
fari, ba zobe, ba ja, ba komai.
Ido ba ya ganin ƙurar, in ji ta.
Na ƙirga da yatsu a ɓoye.
Hasken nan ya baro gida
shekarar da motar ta tashi,
shi ga shi ya iso.

Kuran ya dawo ba sallama.
Inji ya yi tari, ƙwai ya kama,
garin da ya kwanta kan katako ya tashi
yana juyawa kewaye da fitila.
Yaron Tsahara na tsaye da kwano tun ɗazu.
Na ce masa, matso, ɗan ƙanena,
tuwonku ya makara.